Mu San Maƙwabtanmu: Tarihi Da Tsarin Ɗariƙar Katolika A Gabashin Nijeriya

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya, wanda ya haɗa wakilan Fatakwal da Anaca da Inugu)





Da kwamitin shirya taro ya ba mu wannan batu, wani dattijo ya ja mu gefe ya ce, "Malam, ga harajin hanya ya ishe mu, ga rigimar rumfuna, amma a rasa abin da za a yi lacca a kai sai coci?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma da ita za mu fara. Mai gidan da muke haya, da shugaban layin da muke kasa kaya, da malamar asibitin da ke karɓar haihuwar matanmu, da hedimastan makarantar 'ya'yanmu, da yawansu 'yan ɗariƙar Katolika ne, musamman a Anaca da Inugu. Maganar da limaminsu ya yi ranar Lahadi ita suke fitowa da ita kasuwa ranar Litinin. Ba muhawarar addini ta tara mu ba, kowa ya riƙe nasa. Abin da muke so shi ne mu san yadda gidan maƙwabcinmu yake, wa ke da faɗa a ji a cikinsa, kuma ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa ranar da wata matsala ta taso. Matambayi dai ba ya ɓata.

Su wane ne 'yan Katolika?

Mu a bakinmu duk coci coci ne, duk limaminsu fasto ne. A wajensu kuwa bambancin babba ne. Akwai Angilikan, wato 'yan Siyamas, akwai Metodis, akwai sababbin coci-coci masu lasifika da addu'ar dare, waɗanda galibi wanda ya kafa shi ne mai abinsa. Sannan akwai Katolika, wadda mutanen nan ke kira cocin Fada. Limaminsu Fada ake ce masa, ba ya aure, kuma cocin da yake jagoranta ba mallakarsa ba ne. Shugabansu na duniya ɗaya ne, shi ne Paparoma da ke Fadar Batikan a birnin Rum. Wanda ke kai yanzu shi ne Paparoma Leo na 14, ɗan Amurka, wanda aka zaɓa a watan Mayu na 2025 bayan rasuwar Paparoma Francis.

Zuwan farko da bai yi saiwa ba

Ɗariƙar ta daɗe tana neman shiga ƙasar nan. Turawan Fotugal sun iso Binin a ƙarshen ƙarni na 15 don ciniki, daga baya limamansu suka biyo su har fadar Oba. A Wari kuma sarakunan Itsekiri sun karɓi addinin, har aka tura wani ɗan sarki karatu Fotugal. Amma abin ya tsaya a fada bai sauko wa talakawa ba, limaman kuwa sai a shekara da shekaru ba a ga ko ɗaya ba, ga zazzaɓi yana ta kashe su. A hankali abin ya dusashe.

Ƙasarmu ma ta ga irin wannan yunƙuri. A 1710 wasu limamai biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan sun taso daga Tarabulus tare da ayarin fatake, suka ratso hamada ta Agadas, suka iso Katsina, inda cuta ta kashe su a 1711 ba su kafa komai ba. Sai a ƙarni na 19 aka sake sabon lale. Wata ƙungiyar 'yan mishan daga Faransa mai suna SMA ta fara aiki a Ikko a shekarun 1860, ta kuma buɗe tasha a Lakwaja a 1884.

Saukar Anaca

Ranar da 'yan Katolikan Gabas ke ƙirga tarihinsu daga gare ta ita ce 5 ga Disamba, 1885. A ranar ce Fada Joseph Lutz da abokan tafiyarsa uku, 'yan ƙungiyar Holy Ghost daga Faransa, suka sauka a gaɓar Kogin Kwara a Anaca. Sun tarar 'yan Siyamas sun riga su tun 1857. Sarkin garin, Obi Anazonwu, ya nuna musu fili a bakin kogi, ashe an riga an ba Bishop Samuel Ajayi Crowther na Angilikan wurin. Da aka je masa da maganar sai ya bar musu. A wannan fili ne babban cocin Holy Trinity yake a yau, wanda aka buɗe a 1935, kuma Batikan ta ɗaga darajarsa a 2007. Jama'a, mu lura da wannan: mutum huɗu ne, baƙi, ba su jin yaren gari, sai da suka roƙi wurin zama kamar yadda kakanninmu suka roƙi filin zango.

Shekarun farko ba su yi musu daɗi ba. Mabiyansu bayi ne da suka fanso da kuɗi, da tagwayen da aka yar a daji, da kutare, da waɗanda gari ya kora. 'Ya'yan gari masu asali suna kallon cocin a matsayin matattarar marasa galihu. Su kansu Turawan ƙalilan ne ke daɗewa, zazzaɓi na ɗauke su.

Makaranta ce ta juya al'amarin

Wanda ya fara sauya dabara shi ne Fada Leon Lejeune da ya karɓi shugabanci a 1900. Wanda ya kai ta ƙarshe kuwa shi ne Joseph Shanahan, mutumin Ailan, da ya iso a 1902, ya zama shugaba a 1905, aka naɗa shi bishop a 1920. Shi ya ga cewa fansar bayi ɗaya-ɗaya ba za ta kai su ko'ina ba. Sai ya shiga ƙauyuka, a ƙasa da kan keke, yana yi wa dattawa tayin makaranta. Gari ya ba da fili, ya gina rumfa, ya taimaka da albashin malami. Rumfar nan ita ce aji daga Litinin zuwa Juma'a, ita ce coci ranar Lahadi, malamin kuma shi ne mai koyar da addini.

Tayin ya zo a kan gaɓa. Gwamnatin Turawa da kamfanoni suna neman akawu da tafinta da masinja. An gano kwal a Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal 'yan shekaru bayan haka don fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Duk garin da ya ga ɗan maƙwabtansa ya zama akawu, sai shi ma ya tura wakilai wurin Fada neman malami. Daga firamare aka hau sakandare: Christ the King a Anaca a 1933, CIC a Inugu a 1940, Stella Maris a Fatakwal a 1948. Sistoci kuma, wato matan da suka sadaukar da rayuwarsu ba aure, suka riƙe makarantun 'yan mata da asibitoci da gidajen haihuwa.

Wannan layin dogo, da ya miƙe Arewa ta gadar Makurɗi, shi ya sauƙaƙa wa iyayenmu gangarowa da shanu, shi kuma ya haura da akawunan Ibo zuwa Sabon Garin Kano da Zariya da Kaduna da Jos, suka tafi da cocinsu. Hanya ɗaya ce ta mai da mu baƙi a nan, ta mai da su baƙi a can.

'Yan ƙasa sun karɓi ragama

Abu na biyu da suka yi shi ne horar da 'yan ƙasa. John Cross Anyogu ya zama Fada na farko ɗan ƙabilar Ibo daga gabashin Kogin Kwara a 1930. Dominic Ekandem, daga yankin Ibibiyo, ya zama bishop na farko ɗan Nijeriya a 1954, kuma kadinal na farko a 1976. Makarantar horar da limamai ta Bigard ta zauna a Inugu tun 1951. Anaca ta zama mazaunin babban bishop a 1950. Fatakwal ta sami bishop nata a 1961, shi ne Godfrey Okoye, wanda akwai jami'a mai sunansa a Inugu yanzu. Inugu ta sami nata a 1962, shi ne Anyogu ɗin nan.

Amfanin wannan ya fito a lokacin yaƙin basasa. Dattawanmu da ke zaune a nan sun san 1966, sun san jinin da aka zubar a Arewa da wanda aka zubar a nan, sun san yadda aka bar gida da dukiya aka gudu. Da yaƙi ya ɓarke a 1967, yawancin Turawan mishan sun zauna tare da mabiyansu a cikin Biyafara. Ƙungiyar agajin Katolika ta Caritas da wasu coci-coci suka riƙa shigo da abinci da magani cikin dare ta jirgin sama, daga tsibirin Sao Tome zuwa Uli. Mutanen nan suna ganin abin da ya ceci 'ya'yansu daga yunwa ke nan. Gwamnatin Tarayya kuwa ta ɗauke shi goyon bayan tawaye, don haka da aka gama yaƙi a 1970 ta kori waɗanda suka zauna a can. A shekarar ce kuma gwamnatin Ukpabi Asika ta Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan.

To, ga Turawa an kora, ga makarantu an ƙwace, ga gine-gine yaƙi ya rusa. Da a ce komai a hannun baƙi yake, da shi ke nan. Amma akwai 'yan ƙasa da aka riga aka shirya. Francis Arinze yana da shekara 34 kacal ya zama babban bishop na Anaca a 1967, shi da 'yan'uwansa suka sake ɗaga gidan. A yau yankin nan shi ke tura limamai Turai da Amurka. Makarantun ma an fara mayar musu, kamar yadda Jihar Anambra ta yi a 2011.

Yadda shugabancin yake

Yanzu sai mu zo kan tsari, wanda shi ne zuciyar wannan jawabi, don haka muna roƙon a ba mu kunne.

An raba duk ƙasar nan gunduma-gunduma, kowace ana ce mata dayosis, kowace da bishop ɗaya. A Nijeriya sun haura 50. Paparoma ne ke naɗa bishop, bayan jakadansa da ke Abuja ya yi bincike ya aika da sunaye. Ba gado ba ne, ba kuma zaɓen jama'a ba ne. In bishop ya kai shekara 75 dole ya miƙa takardar ajiye aiki. An kuma tara dayosis-dayosis zuwa larduna 9, kowane da babban bishop: Ikko, Anaca, Kaduna, Abuja, Binin, Kalaba, Ibadan, Jos da Oweri. Uku na farko su ne tsofaffi, sauran shida a 1994 aka ƙirƙiro su.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Inugu tana lardin Anaca, tare da Oka da Nnewi da Nsukka da Abakaliki da wasu. Fatakwal kuwa tana lardin Kalaba. Sai dai kada a ɗauka babban bishop kamar sarki ne da hakimansa. Shi babban yaya ne kawai, ba ya ba bishop na Inugu umarni a cikin gundumarsa. Kowane bishop Rum yake amsa wa. Saboda haka matsalar Inugu a Inugu ake kai ta, wato babban cocin Holy Ghost da ke gefen kasuwar Ogbete, ta Fatakwal kuma a kai ta hedkwatar bishop na Fatakwal. Kadinal kuma ba shugaban bishop-bishop ba ne. Muƙami ne na mashawarcin Paparoma, kuma waɗanda ba su kai shekara 80 ba su ke zaɓen sabon Paparoma. Bishop-bishop na ƙasa suna da majalisarsu da ke zama ta fitar da sanarwa kan al'amuran ƙasa, ofishinta yana Abuja.

A ƙarƙashin bishop akwai farish, wato cocin unguwa ko na gari, wanda Fada ke riƙe da shi. Fada sai ya yi karatun shekara 8 ko fiye bayan sakandare kafin a naɗa shi, kuma ya yi alkawarin biyayya ga bishop. Bishop ke tura shi, shi ke ɗauke shi. Duk shaharar Fada bai fi ƙarfin wannan ba. 'Yan Inugu sun shaida a 2022 yadda bishop ya dakatar da taron addu'ar Fada Ejike Mbaka na Emene har tsawon watanni, duk da dubban mabiyansa. Ƙasa da Fada akwai katikis, wanda ɗan gari ne mai iyali, shi ya san kowa da kowa. Sau da yawa Fada baƙo ne a unguwa kamar mu, katikis ne ɗan gida.

Sai ƙungiyoyin mabiya. Akwai ta maza, CMO, da ta mata, CWO, da ta matasa, CYON. Akwai Knights of St. Mulumba da aka kafa a Anaca a 1953, inda za ka tarar da lauyoyi da alƙalai da manyan 'yan kasuwa. Kowane dayosis kuma yana da ofishin adalci da zaman lafiya, JDPC, mai sauraron koke-koken zalunci da lamuran fursunoni. Kada mu raina ƙungiyar mata. Masu zanen nan iri ɗaya da muke gani ranar Lahadi su ne ke sayen tumatir da albasa da wake a hannunmu, kuma in suka yanke magana a taronsu na watan Agusta, ko mazajensu sai sun bi.

Ba mu ce gidan ba ya da ɓaraka ba. A 2012 Paparoma ya naɗa Peter Okpaleke bishop na Ahiara a Jihar Imo, sai limamai da jama'ar Mbaise suka ƙi shi don ba ɗan yankinsu ba ne, alhali shi ma Ibo ne daga Anambra. Aka yi shekaru ana ja, har ya ajiye muƙamin a 2018. Daga baya aka ba shi sabon dayosis na Ekwulobia, aka kuma naɗa shi kadinal a 2022. Kun ga ke nan ciwon nan na ɗan ƙasa da baƙo ba mu kaɗai yake ci ba, har a cikin ɗakin ibadarsu ya shiga.

Kalandarsu da kasuwarmu

Wanda ya san kalandarsu ya san kasuwarsa. Suna da azumi na kwana 40 kafin Ista, wanda ke farawa ranar Larabar da za ka ga toka a goshinsu. A wannan rana da Juma'ar da ta gabaci Ista ba sa cin nama, wasu ma duk Juma'ar azumin suke ƙaurace masa. Mahauta da masu tsire sun san yadda ciniki ke ja baya, masu busasshen kifi kuma su ji daɗi. Daga Oktoba zuwa Nuwamba lokacin bikin godiyar kaka ne da gwanjon coci, inda ake neman awaki da raguna har da shanu. A wata Lahadi ta ƙarshen Nuwamba sukan fito jerin gwano su cika titi na sa'o'i. Disamba kuwa kowa ya sani, lokacin komawa ƙauye ne da aure da manyan jana'izu, lokacin da kara ke cika ta batse.

Mun taɓa ganin yadda rashin sanin wannan ya kusa jawo mana fitina. Wata mota ɗauke da shanu ta kutsa cikin jerin gwanon nan na Nuwamba, direba bai san abin da ake yi ba, matasa suka fasa gilashi, suka riƙe motar. Dattawanmu suka tafi wurin faston wani coci da ke tsallaken titi, ya ce shi ba ruwansa, ba mutanensa ba ne. Aka koma wurin 'yan sanda, kuɗi na ta fita, dabbobi na ta ramewa. Daga ƙarshe wata tsohuwa mai sayen albasa a wurinmu, ashe shugabar mata ce a cocin, ita ta kama hannun dattawa ta kai su gaban Fada. Zama ɗaya aka yi, direba ya ba da haƙuri, aka saki mota, matasan suka biya rabin kuɗin gilashi. Kwana huɗu muka ɓata don ba mu san ƙofa ba.

Katolika a gida Arewa

Kada kuma mu ɗauka wannan ɗariƙa ta Ibo ce kaɗai. 'Yan SMA sun kafa tasha a Shendam a 1907, Kaduna ta zama mazaunin babban bishop a 1959. Sakkwato ta zama dayosis a 1964, kuma tun 2011 Bishop Matthew Hassan Kukah ke riƙe da ita. Kano ta zama dayosis a 1999, Zariya a 2000, Maraɗi a Nijar a 2001. A 2023 aka yanki Katsina daga Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe daga yankin Malumfashi, bishop nata na farko. A coci-coci da yawa na Arewa da Hausa ake ibada. A cikin zangunanmu na nan ma akwai 'yan Arewa Kirista, masu gadi da 'yan acaɓa da leburori da sojoji. A idon 'yan gari duk Hausawa ne, ranar tashin hankali kuwa ba a tambayar sunan kowa. 'Yan'uwanmu ne, kuma su ne gada mafi kusa tsakaninmu da cocin unguwa.

Matsayinsu game da Musulmi

A 1965 babban taron bishop-bishop na duniya a Batikan ya fitar da matsaya cewa cocin yana girmama Musulmi, ya kuma yi kira a bar gabar da ta wuce. Akwai ofishi na musamman a Rum don hulɗa da sauran addinai, wanda duk shekara yake aika wa Musulmi saƙon gaisuwar azumi da Sallah. Wanda ya shugabanci ofishin daga 1984 zuwa 2002 ba wani ba ne illa Arinze na Anaca, wanda ya zama kadinal a 1985. Paparoma John Paul na 2 ya zo Nijeriya sau biyu. A 1982 ya ziyarci Anaca da Inugu da Kaduna, sai dai ganawar da aka shirya masa da shugabannin Musulmi a Kaduna ba ta yiwu ba. A 1998 ya dawo, ya yi taro a Oba kusa da Anaca don girmama marigayi Fada Tansi na Aguleri, a wannan karo kuma ya gana da shugabannin Musulmi a Abuja. A 2019 Paparoma Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi.

Mun san takarda daban, abin da ke faruwa a titi daban. A watan Fabrairu na 2006 zanga-zangar zanen ɓatanci ta rikiɗe a Maiduguri, aka ƙona coci-coci, aka kashe mutane har da wani Fada. Kwanaki kaɗan bayan haka ramuwar gayya ta faɗo kanmu a Anaca da wasu garuruwan Gabas. Aka ƙona masallatai, aka kashe bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, saura suka tsallaka gada zuwa Asaba ko suka fake a bariki. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka rasa 'yan'uwa, akwai kuma waɗanda maƙwabta Kirista suka ɓoye a ɗakunansu. Amfanin sanin matsayar cocin shi ne, in mun je gaban Fada neman ya ja kunnen matasansa, ba alfarma muke roƙo ba, abin da shugabanninsa suka ɗora masa muke tuna masa. Mu ma kuma akwai namu nauyin: mu riƙa gaya wa 'yan'uwa a gida cewa duk wutar da aka kunna a Sabon Gari, a kanmu take ƙarewa.

Shawarwari

Na ɗaya, kowane zango ya naɗa mutum uku ko huɗu, har da limami da mai jin Turanci ko Ibo, su kai ziyarar gaisuwa ga Fadan unguwa da katikis da shugabar mata, a yi musayar lambar waya tun ana zaman lafiya. In an sauya Fada, a je a yi wa sabon barka da zuwa. Sarakunanmu kuma su nemi ganin bishop ko da sau ɗaya a shekara.

Na biyu, sakatare ya karɓo ranakun manyan bukukuwansu ya sanar da direbobi da 'yan kara, mu ma mu ba su ranakun Idi da hanyar da za mu bi.

Na uku, maganar 'ya'yanmu. Da yawanmu mun sa yara a makarantun mishan don ingancin karatu, wasu kuma sun hana yaran boko gaba ɗaya don tsoron a sauya musu addini. Tsoron ba na banza ba ne, tun da mun ji da kunnenmu cewa da makaranta aka kafa cocin. Maganinsa shi ne uba ya je da kansa ya ji dokokin makaranta kafin ya biya kuɗi, ya faɗi abin da ya yarda da wanda bai yarda ba, yaro kuma kada ya fasa Islamiyya da yamma. Amma babban magani shi ne mu gina tamu. Mutum huɗu da rumfar ciyawa suka fara. Mu da muka fi shekara ɗari a garuruwan nan, har Malam Umaru Altine ya riƙe muƙamin magajin garin Inugu a shekarun 1950, makarantu nawa muka mallaka?

Na huɗu, mu koyi rubuta abu. Kowane ɗan Katolika yana da kati, sunansa yana cikin rajista, kuɗin da ya biya a rubuce yake, filin coci da takardarsa. Mu kuwa masallatai nawa ne da maƙabartu da filayen kara muke zaune a kansu da alkawarin baki na kakanni? Kwamiti ya bi wannan tun kafin magada su zo da lauya.

Na biyar, mu horar da na baya. Ranar da dattawan nan suka koma gida ko Allah Ya yi musu rasuwa, a sami matasan da suka san gari, suka san hukuma, suka san maƙwabta.

A nan za mu dasa aya. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure a gafarce mu, ƙofar gyara a buɗe take lokacin tambayoyi. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya albarkaci nemanmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.